Gishirin Mai Barci

A ƙarƙashin birnin akwai kogo, a cikin kogon kuma akwai wani dodo da ya girmi ganuwa, ya girmi kakannin waɗanda suka gina ta. Tsawonsa ya kai layin kasuwa, fatarsa ɓawo-ɓawo kamar ta kada, numfashinsa yana ɗumama ƙasan gidajen da ke samansa har matan unguwar ba sa wahalar shanya. Mutanen gari suna kiransa Mai Barci, suna kuma roƙon Allah kada sunan ya canja.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Kullum da hantsi mutum ɗaya zai sauka ya miƙa masa gishiri a tafin hannu. Ya lashe, ya shinshina hannun, ya koma barci. Wanda ya lasar wa hannu shi kaɗai ya sani a duniya, kuma muddin yana jin warin jikinsa a kusa, ba ya motsi. In mai gishirin ya hau matakala ya wuce ƙofar ƙarfen da ke sama, dodo zai juya, in ya juya kuwa gidaje ne ke zubewa. An taɓa gwadawa. Tsohuwar unguwar maƙera yanzu fili ce da awaki ke kiwo. Mai gishiri ba ya fita sai ranar da wani ya miƙa nasa tafin a madadinsa. A ranar dodo zai saki tsoho ya kama sabo, tsohon kuma ya haura a guje ba waiwaye. Duk waɗanda suka riƙe aikin haka suka fita, wasu ma sun bar takalmansu.

Wanda ke riƙe da aikin yanzu, gari na kiransa Mai Ƙofa. A da shi ne shugaban mayaƙan birnin. A yaƙin ƙarshe, da ya ga abokan gaba sun taso gab da ganuwa, sai ya sa aka rufe babbar ƙofa alhali rundunarsa ta baya tana waje. Birni ya tsira. Na wajen an ji bugun hannuwansu a jikin ƙofa har suka yi shiru. Majalisar dattawa ta rasa yadda za ta yi da mutumin da ya cece ta ta hanyar da ba ta son tunawa, sai ta yanke masa hukuncin zama mai gishiri. Ya sauka da baƙin gashi. Yanzu kansa fari fat, ga wani tari da ke sa shi dafa bango.

Tarin ne ya tsorata majalisa, domin in ya mutu ba magaji, dodo zai tashi neman hannunsa. Aka yi ƙuri'a, ta faɗa wa gidan wani mai gyaran takalma. A ranar ce mai gyaran takalman ya gano yana da ciwon ƙirji wanda ba ya son danshi, sai aka sauko da matarsa a madadinsa. Mai wanki ce, ƙaƙƙarfa, hannuwanta sun yi kanta saboda sabulu.

Ɗakin mai gishiri yana kan matakala, ƙasa kaɗan da ƙofar ƙarfe. Gadon katako, murhu, buhunan gishiri, da wata taga mai sandunan ƙarfe wadda take daidai da ƙasan titi. Ta nan ake miƙo abinci, ta nan kuma yake kallon duniya daga idon sawu zuwa ƙasa. Yana da littattafan labaran jarumai da ya karanta har ya haddace ƙaryar da ke ciki. Biyu daga cikinsu suna tallafe da ƙafar gado, kuma a ganinsa sun fi amfani a can.

Mai Wanki ta tsaya a bakin ɗakin da ƙullin kayanta a ka.

"Kai ne Mai Ƙofa?"

"Haka nake jin ana faɗa."

"Ubana yana cikin waɗanda ka rufe a waje. Shi ne mai riƙe tuta, dogo, mai giɓi."

Tsohon ya tuna shi sarai. Ya tuna muryarsa ta fi ta kowa daɗewa a bayan ƙofar, amma bai ga amfanin faɗa mata ba.

"Na san shi," in ji shi. "Shigo. Gadon naki ne, ni ƙasa za ni kwana, dama can na nufa."

"Ba na son gadonka."

"Kuɗin cizon da ke ciki ma ba sa son ki, amma za ku saba."

Ba ta yi dariya ba. Ta shimfiɗa zanenta a ɗaya kusurwar, shi ma ya kwanta a ƙasa, gadon ya zauna tsakaninsu babu kowa a kai.

Washegari ya fara koya mata aiki. A littattafai, tsohon jarumi yakan koya wa almajirinsa sirrin takobi a kan tsauni, iska tana kaɗa masa riga. Shi abin da yake da shi ya koyar ke nan: a sauka ba takalmi, a bi ta hagu domin idon dodon na dama ba ya rufuwa duka. In tari ya zo, a juya baya a toshe baki da riga. A jiƙa masa fata kafin ta tsage, in ta tsage yana susa, susarsa kuwa tana fasa randuna a sama. A bayan kunnensa akwai kaska, kowace ta kai dunƙulen hannu, ana cire su da awartaki a jefa a wuta. Tafin hannu a shimfiɗe yake, kamar mai ba doki abinci, kada a lanƙwasa yatsu.

"In na lanƙwasa fa?"

"Wanda ya koya min yana da yatsu uku a hannun dama. Bai yi min bayani ba, ni ma ban tambaya ba."

Ranar farko ta yi amai saboda warin kogon. Rana ta biyu ta karɓe tsumman da yake jiƙa fatar dodon da shi daga hannunsa.

"Wannan kake kira wanki? Shafa kake yi masa kamar mai lallashin jariri. Dubi dattin da ke tsakanin ɓawon nan, ya girme ni."

"Ni yaƙi na koya."

"Shi ma mun ga yadda ka yi shi."

Ya bar mata tsumman. Ta durƙusa tana gurzar fatar dodon da ƙarfin da ya san ba dodon ake nufi da shi ba. Dodo ya yi wani dogon numfashi na jin daɗi wanda tsohon bai taɓa samu daga gare shi ba duk shekarun nan, har ya ɗan ji haushi.

Da la'asar uwar mijinta takan kawo mata 'yarta bakin taga. Yarinyar ƙarama ce, bakinta bai gama buɗewa ba. Takan kwanta rub da ciki a kan titi ta zuro hannu ta tsakanin sanduna, uwar ta riƙe yatsun tana sumbata. Can nesa kaɗan sai a ga ƙafafun mijin cikin takalma masu kyau, suna tsaye suna canja nauyi daga wannan zuwa waccan, sannan su juya su tafi da saurin da bai dace da mai ciwon ƙirji ba.

"Inna, yaushe za ki fito?"

"In na gama wanki."

"Wankin yana da yawa?"

"Da ɗan yawa."

A irin wannan lokacin tsohon yakan juya wa tagar baya ya yi kamar yana gyara buhuna. Ya san wurin da yarinyar ke kwanciya. Matarsa ce ta fara goge wannan dutsen da gwiwoyinta. Shekara da shekaru tana zuwa da kwanon abinci, ta zuro hannu, ya riƙe, ta ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu amma ya ƙi. Sai wata rana ba ta zo ba. Kwana kaɗan bayan haka ya ga ƙafafun masu ɗauke da makara sun biyo ta titin, ƙanenta ya sa aka rage sauri daidai tagar, sannan aka wuce. Wannan ita ce jana'izar da ya halarta. An ce masa kabarin yana kusa da bangon maƙabarta, ƙarƙashin wata bishiya. A ƙasan gado yana da riga ɗaya wankakkiya a ninke da takalma, ya ajiye su don ranar da zai je ya gani. Ba ya son komai a duniyar sama sai wannan. Sauran birnin, da za a tambaye shi, dodo ya juya a kansa.

Akwai kuma abin da ya sani wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. Duk ranar da ya riƙe hannun matarsa, in ya sauka da gishiri, dodo yakan daɗe yana shinshinar tafinsa kamar mai karanta wani abu. Shekarar da ta yi tafiya wani gari wajen haihuwar ƙanwarta, dodo bai yi barcin kirki ba, ƙura tana ta zubowa daga rufin kogo har ta dawo. Ranar da ta rasu kuwa ya yi wani nishi da ya tsage bangaye a unguwa, majalisa ta aiko tana zargin mai gishiri da lalaci. Tun a lokacin ya gane hancin dodon yana iya riƙe mutum biyu. Ya yi shiru, domin ya san dattawan. Da sun ji, da sun sauko masa da ita a matsayin ƙari. Waɗanda suka riƙe aikin kafinsa kuwa babu wanda ya tsaya ya gwada komai. Da harshen dodo ya taɓa hannun sabo, ƙafafunsu sun riga sun kai rabin matakala.

Wata safiya wakilin majalisa ya zo bakin ƙofar ƙarfe. Bai sauko ba, ba ya taɓa saukowa. Ya toshe hanci da gefen riga ya yi magana ta ramin makulli, ya ce gobe da hantsi za a miƙa gishiri, masu gadi za su buɗe wa tsoho ya fito.

Da la'asar ɗin, bayan an ɗauke yarinyar, Mai Wanki ta daɗe tana kallon sandunan taga.

"Baba," in ji ta. Ba ta taɓa kiransa haka ba, kuma kalmar ta fito kamar an ciro ta da awartaki. "In ka fita, ka riƙa leƙa min ita. Kakarta ba ta iya kitso ba, ja mata gashi take yi har ta yi kuka. Ka ce a kai ta wajen maƙwabciyarmu."

"Ni za ki aika gidanku? Surukarki za ta watsa min ruwan zafi."

"Ka cancanta. Amma ka je."

"Me zan ce mata in ta tambayi yaushe wankin zai ƙare?"

Ta tashi ta hau kankare tukunyar da ta riga ta kankare da rana.

Da gari ya waye ya sa wankakkiyar rigar. Ta yi masa yawa, kamar ya ara a wajen wani mutum mai ƙiba da ya mutu. Ya ajiye takalman a bakin ɗaki suna fuskantar sama. Suka sauka tare, ita a gaba da fitila, shi a baya da ƙoƙon gishiri.

Dodo yana kwance yadda yake kullum, numfashinsa yana kaɗa harshen fitila. Ta durƙusa ta hagu kamar yadda ya koya mata, ta shimfiɗa tafi. Yatsun a miƙe suke. Ya zuba mata gishiri. Abin da ya rage shi ne ya ja da baya, ya juya, ya hau. Gwiwoyinsa sun san hanya. Kafin rana ta take zai iya kasancewa a ƙarƙashin bishiyar nan.

Hancin dodon ya fara motsi. Tsohon ya dubi ƙeyar matar, ya ga kitson da ta yi wa kanta da safe ba madubi, ya karkace. Ta kai shekarun da ubanta yake da su a ranar da ya rufe masa ƙofa. Ya san yadda ƙofar ƙarfe take ƙara in an rufe ta, kuma ya san daga wane gefe zai ji ta wannan karon.

Ya durƙusa kusa da ita, ya sa tafinsa a ƙarƙashin nata, ya zura yatsunsa tsakanin nata, ya juye sauran gishirin a kan hannuwan biyu.

"Baba, me kake yi? Ja da baya."

"Yi shiru, aiki nake koya miki."

"Zai sake kama ka."

"Abin da nake so ke nan. In ya riƙe mu tare, ɗaya zai iya fita ɗaya ya zauna. In bai yi ba, kin samu abokin zama mai tari. Kada ki lanƙwasa yatsu."

Dodo ya shinshina, ya tsaya. Ya sake shinshinawa, wannan karon da ƙarfi har rigar tsohon ta manne a jikinsa. Sai idon dama, wanda ba ya rufuwa duka, ya buɗe gaba ɗaya, rawaya, faɗinsa ya kai faifai. Ƙura ta fara zubowa daga rufi. Can sama wani abu ya faɗi ya fashe. A daidai lokacin tari ya taso wa tsohon daga ƙasan ƙirji, kuma babu halin juya baya. Ya haɗiye shi, hawaye suna zubo masa, wuyansa yana kumbura. Ya ji yatsunta sun matse nasa daga sama ba tare da sun lanƙwashe ba.

Harshen ya fito, mai kaushi da zafi, ya lashe gishirin daga tafinta, ya zagayo ƙasa ya lashe na bayan hannunsa, ya bi tsakanin yatsunsu bai bar ƙwaya ba. Idon ya daɗe a kansu. Sannan ya sauka a hankali zuwa rabinsa na kullum.

Sai da suka kai ɗaki ya saki tarin, ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa. Ta ba shi ruwa. A sama masu gadi sun buɗe ƙofar ƙarfe, haske ya zubo a kan matakala, wakilin majalisa yana tambaya ko lafiya, me ya girgiza ƙasa, ina tsohon yake.

"Sai an gwada za a sani," in ji Mai Ƙofa. Ya jawo kwano ya cika shi da ruwa ya ajiye a tsakar ɗaki. "In ruwan nan ya yi rawa zan ƙwala miki kira, ki dawo a guje. Hau."

"Ni? Kai ne ka sa rigar fita. Kabarin fa?"

"Ta saba jirana. Tun tana da rai aikinta ke nan."

Ta tattare zane ta hau. Ya ji muryar wakilin tana cewa ba ita ba ce, ba haka aka tsara ba, a mayar da ita. Ya ji tata muryar tana gaya masa in yana da ƙorafi ya sauka ya kai wa dodo da kansa. Sannan ƙofa ta yi ƙararta.

Ya zuba wa kwanon ido. Ruwan ya tsaya cak, yana nuna masa fuskar wani tsoho cikin rigar da ta fi ƙarfinsa. Ya jira. Ruwan bai motsa ba. Da ya ɗaga kai sai ya ga ƙafafunta sun wuce ta gaban taga, ba takalmi, a guje. Daga ɗaya ɓangaren wasu ƙananan ƙafafu suka taho, suka haɗu daidai ƙarshen abin da tagar ke nunawa, sai ƙananan suka bar ƙasa suka ɓace sama.

Bayan haka titi ya koma yadda yake. Ƙafafun 'yan dako, kofaton jakuna, wani kare. Rana ta take, ta karkata. Tsohon ya zauna yana lissafa wa kansa gaskiya, aikin da ya ƙware a kai. Babu abin da zai dawo da ita. Dodo yana da hannun da ya sani a ƙasa, ita kuma tana da 'ya a sama, kuma wanda ya rage a ramin shi ne mutumin da ya bar ubanta a bayan ƙofa. Da shi ne, da bai dawo ba. Majalisa za ta ce ita ta ƙirƙiro dabarar, mawaƙa su sa ta a waƙa, in ma sun ambace shi to don baitin ya daidaita ne. Ya cire rigar, ya ninke ta a kan tsoffin layukanta, ya mayar ƙarƙashin gado. Ya ɗauki awartaki ya sauka ya cire kaska, domin kaska ba ta san an yi wani abin tarihi ba.

Yana hawowa, inuwa ta riga ta cika ɗakin, ya ji an buɗe ƙofar ƙarfe. Ta sauko da kwano a hannu, ƙafafunta duk ƙura.

"Kin makara," in ji shi.

"Na tsaya na yi mata kitso. Sannan na biya maƙabarta, don kada gobe ka je kana yawo kana yi wa kabarin wani kuka." Ta ajiye kwanon. "An sare bishiyar, kututture ne kawai ya rage. Kabarin yana nan daga damansa, gefe ɗaya ya ɗan rufta, na tara duwatsu na tokare. Ka tafi da sanda, hanyar akwai hawa."

Ya zauna a bakin gado.

"Ba mu san ko zai yarda da ke kaɗai ba," in ji shi daga baya. "Ni ya daɗe da sani."

"Gobe sai mu sa kwanon mu gani. In ruwa ya yi rawa, ka dawo. Kuma ko bai yi ba, kafin la'asar nake son ganinka, ba zan kwana da wannan abu ni kaɗai ba."

Ya jawo takalman daga bakin ɗaki ya gwada sawa. Fatar ta bushe tsawon shekaru, yana tura ƙafa sai ɗaya ya yage daga dunduniya har yatsa. Ya ɗaga shi yana juyawa a hasken taga.

"Miƙa wa mijinki ta nan in ya zo," in ji shi. "Ina jin ƙirjin nasa zai iya jure ɗinki."

Wannan karon ta yi dariya, gajeriya, kamar ba da son ranta ba. Ta karɓi takalmin ta ɗora a bakin taga, sannan ta jawo sabon buhun gishiri ta fara kwance bakinsa don safiya.